Shagon Hayar Littattafai Masu Zane: Abin da Na Gani a Ƙauyenmu

Ni mutumin wani ƙauye ne da ke tsakanin Ringim da Taura a jihar Jigawa, kuma sana'ar da aka san ni da ita tun ina saurayi ita ce sayar da littattafai da bayar da hayarsu, musamman ƙananan nan da ake ba da labari a cikinsu ta hanyar zane, waɗanda yaran garinmu ke kira "mai hoto". Ina noma kamar kowa, gero da dawa da ɗan riɗi, amma da kuɗin shagon na yi aure, da shi na sa 'ya'yana a makaranta. Shi ya sa idan aka tambaye ni ko irin wannan shago yana da sauran kwana a zamanin wayar hannu, ba na iya cewa e ko a'a kurum, sai na faɗi yadda abin ya faro da kuma inda yake a yau.

Kawuna ne ya sa ni a hanya. Yana da tebur a bakin kasuwa inda yake kasa littattafan addini na Larabci da na ajami, da alluna, da tasbaha, da turare, kuma da na gama firamare ya ɗauke ni yaron tebur. A daidai wannan lokaci ne aka cire Jigawa daga jihar Kano, wato 1991, amma ta fuskar ciniki babu abin da ya sauya, domin har yau Kano muke zuwa sari. Kayan addini a kasuwar Kurmi muke ɗauka, na boko kuwa sai mun shiga Sabon Gari. A can na fara ganin tulin tsofaffin mujallu da littattafai na gwanjo da aka kwaso daga Ingila da Amurka, waɗanda ake sayar wa masu ƙosai da masu tsire don ƙunshi. Ina jiran kawu ya gama lissafi da dillalinsa sai na tsugunna ina tonawa, na ci karo da waɗansu da babu komai a cikinsu sai zane, an yanka kowane shafi gida-gida, maganar kowane mutum tana cikin wani ɗan kewaye da ke fitowa daga bakinsa. Na tsince su na biya da kuɗin abincina. Kawu ya duba ya ce, "Kai yaro, wa zai sayi wannan a garinmu, ga shi da Turanci?" Na ce, "Kawu, ba sai an iya Turanci ba, hoton ma yana magana." Bai hana ni ba, ya ba ni gefen tebur.

Abin da na gani a gefen teburin nan shi ya riƙe ni a sana'ar har yau. Yara huɗu ko biyar za su haɗa kai a kan littafi ɗaya, babu mai jin Turanci a cikinsu, amma ɗaya zai ɗora yatsa a gidan farko ya fara ba da labarin da Hausa, ya laƙaba wa jarumin suna irin namu, ya ƙirƙiro abin da mugun ya faɗa, sauran suna yi masa gyara idan ya kauce wa abin da zanen ya nuna. Gobe wani rukuni zai ɗauki littafin nan ya fitar da wani labari daban. Na sha ganin yaron da malamai suka gaji da shi a aji ya zauna yana haɗa baƙaƙen da ke cikin kewayen nan ɗaya bayan ɗaya, don kawai ya san ko abokinsa gaskiya ya faɗa masa.

Sai dai ba masu zanen ne suka ciyar da shagon ba. Abin da ya ciyar da shi littattafan hikaya ne na Hausa, waɗanda suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, har masana suka sa musu suna Adabin Kasuwar Kano. Ana fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wanda ya karanta na farko kuwa ba ya samun sukuni sai ya ga ƙarshe. Da na kama ɗan ɗaki na kaina a kan hanyar masallacin Juma'a, sai na mayar da hankali ga haya, domin matan aure da ke cikin kulle su ne manyan masu karatu, kuma ba kowace ke iya sayen kashi uku ba. Yara suke aikowa da kuɗin haya da sunan littafi a 'yar takarda. Yaron da aka aiko ba ya juyawa nan take, sai ya zauna a kan benci ya buɗe mai hoto, wani lokaci har a biyo sawunsa daga gida. Ta haka kasuwar biyu ta ɗauki juna: iyaye mata suna kawo kuɗi, 'ya'yansu suna cika shago.

Littafin haya ba ya daɗewa idan ba a yi masa gata ba. Duk wanda na sayo, kafin ya fita sai na yi masa sabon bango da takardar buhun siminti, na huda gefensa da basilla na ɗinke da zaren buhu, na rubuta lamba a goshinsa, na shigar da ita a babban littafin rajista. Masu zane sun fi wahala, domin takardarsu sirara ce kuma hannun yara ba ya rabuwa da maiƙo, don haka nake manna tsumma a ƙashin bayansu da kokon rogo. Littafi ɗaya da aka yi wa haka yana iya zaga unguwanni har damina ta zagayo. A nan ribar take, kuma a nan ne marubuta suke kuka da mu, suna cewa kwafi ɗaya muka saya muka karantar da gari guda. Kukansu yana da tushe, amma dai kwafin nan ɗaya da kuɗi muka saye shi, kuma da ya mutu muna komawa mu sayi wani.

Akwai wata matsala da ta shafi masu zane su kaɗai. Wani dattijon malami a unguwarmu, wanda na yi karatun allo a wajensa, ya aiko aka kira ni, bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, an ce ka tara yara kana nuna musu surar abu mai rai." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka ne, ga su na zo da su a duba." Ya ɗauki lokaci yana buɗawa, ya ware guda biyu da aka zana mata ba cikin sutura ba, ya ce waɗannan kada ya sake jin labarinsu, sauran kuwa ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoto, shi ba zai yi mini hukunci ba, amma in rufe shago idan an kira salla kuma kada yaro ya tsallake makarantar allo ya fake a wajena. Tun daga ranar ba na ajiye littafin da ban bi shi shafi-shafi ba. Da aka ƙona waɗansu littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano a 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, tsoro ya kama masu sana'armu da yawa har a nan Jigawa, amma ni ban rasa masu aiko mini da 'ya'yansu ba, saboda an riga an san cewa ina tacewa. Wannan amana ita ce jarin da mai shagon ƙauye ke da shi wanda waya ba ta da shi, kuma ba a kwana ɗaya ake tara ta ba.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma ta daɗe kafin ta taɓa mu. Faifan bidiyo da gidajen kallo su suka fara janye samari. Girgizar gaske ta zo ne da wayoyi masu araha masu ɗaukar memori, da samarin da suka buɗe rumfunan turawa, inda mutum zai ba da ɗan canji a cika masa waya da finafinai da waƙoƙi ba tare da ya sayi data ba. Daga baya WhatsApp ya kwashe mini mata. Marubuciya za ta buɗe zaure, ta saki shafukan farko kyauta, wadda ke son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko ta katin waya a sa ta a zauren masu biya, kullum da yamma a sako sabon shafi. Wadda ba ta iya karatu sosai ba kuma tana saurare a YouTube ko a memori, wani yana karanta mata da murya. Ba na zargin kowace mace da ta bar aiko mini da yaro, domin labari ya same ta har gado, ba sai ta jira wata ta dawo da kashi na biyu ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ba masu karatu kaɗai na rasa ba, kayan sayarwar ma na rasa. Da marubuta suka koma waya, 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyin buga littafi a Kano suka ja baya, sai in je sari in tarar da shagon da na saba ya koma sayar da littattafan makaranta ko kayan waya. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da mafi yawanta, domin masana'antun da aka gina don ita a Jebba da Iwopin da Oku Iboku ba su riƙe ƙasar ba, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi sai kuɗin bugu ya tashi. A 2023 aka haɗa mana uku a shekara ɗaya: ƙarancin takardun kuɗi a farkonta, cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, sannan faɗuwar naira, har kuɗin motar zuwa Kano ya fi ribar da zan samu a kayan da zan ɗauko. Kafin wannan ma ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna sosai a yankinmu, ta jiƙa mini kwalaye na tsofaffin masu zane da babu inda zan sake samun irinsu.

Ina cikin tunanin mayar da ɗakin wurin ajiyar hatsi sai ɗan yayana da ke karatu a Dutse ya zo hutu. Shi ma a kan bencin nan ya tashi. Ya nuna mini a wayarsa yadda ake karanta labaran zane yanzu a wata manhaja mai suna Webtoon, ta wani kamfanin Koriya ta Kudu, inda ba a buɗa shafi, sai dai a riƙa jan zanen sama da yatsa, da kuma irin na Japan da matasa ke rububi, da na wani kamfani a Legas, Comic Republic, da ke zana jarumai 'yan Afirka yana sakawa a intanet tun 2013. Na ce masa, "To ka ga, tamu ta ƙare ke nan." Ya ce, "Baffa, ba a nan kaɗai ake wannan magana ba," ya zauna ya ba ni labarin Amurka, inda ake da shaguna da babu abin da suke sayarwa sai littattafan zane. A can sabon kaya ranar Laraba yake fitowa, kuma mai shago yana ware wa kowane abokin ciniki nasa tun kafin ya zo, kamar yadda nake ɓoye wa wata Hajiya kashi na uku. Shekaru da yawa kusan dukkan shagunan nan a hannun dillali ɗaya suke sari, wani kamfani mai suna Diamond. Da annobar korona ta zo a 2020 ya dakatar da kai kaya na wani lokaci, manyan masu buga littattafan suka fara barinsa, DC a wannan shekarar, Marvel a 2021, har a watan Janairun 2025 ya je kotu ya bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinsa.

Wannan labari ya tsaya mini a rai fiye da na manhajar, domin ciwona na ji a cikinsa. Abin da ya fi razana masu shagunan can ba wai mutane sun daina son riƙe littafi ba ne, hanyar da kaya ke bi ya iso gare su ce ta tsinke. Kuma yaron ya ƙara mini da cewa kasuwar waya ma tana mutuwa: kamfanin Amazon ya sayi ComiXology, babbar manhajar sayar da littattafan zane, a 2014, ya rufe ta ya haɗe ta da manhajarsa ta karatu mai suna Kindle a ƙarshen 2023, kuma a wannan shekarar ce OkadaBooks ta nan gida, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe. Ni dai a nawa ganin, wanda ya ce waya za ta dawwama takarda ta shuɗe ya yi gaggawar yanke hukunci.

Da na dawo na dubi garinmu da idon basira, sai na ga cewa zamanin waya bai iso ga kowa daidai ba. Waya mai kyau tana hannun maigida, ko saurayin da ya je ci-rani, ko amaryar da aka saka mata ita a lefe. Yaro ɗan shekara tara ba shi da ita, almajiri ba shi da ita, yarinyar da ke tallar gyaɗa ba ta da ita, kuma ko an ara musu babu mai barin su ƙone data da caji a kan zane. Waɗannan su ne mutanena tun asali, kuma ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Na sayar da tumaki biyu na sa sola a rufin shago, ina cajin waya ina samun na cefane, fitila kuma tana kai mu bayan isha'i. Na ari wata dabara daga shagunan Amurka, waɗanda tun 2002 suke ware Asabar ta farko a watan Mayu suna raba littattafan zane kyauta don jawo sababbin masu karatu. Ni ba ni da abin rabawa, amma ranakun Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da makarantun allo ke hutu, duk yaron da ya wanke hannu yana iya zama ya karanta ba ko sisi. Turawa a waya ma ina yi, karatun malamai da makamantansu, amma littafin da marubuciya ke sayarwa a zaurenta ba na tura shi, ko da an ce kowa ma yana yi.

Saura babbar matsalar, wato sabon kaya, kuma da Hausa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa samun littattafan zane na Hausa da za su cika ko kanta ɗaya ba, sai ɗan abin da ƙungiyoyin lafiya ke rabawa kan rigakafi da tsafta, wanda yara ke ganewa tun daga bango cewa wa'azi ne ba labari ba. Akwai wani matashi a garinmu da ke rubuta allunan shaguna yana yi wa motocin ɗaukar kaya ado, wanda a wajen mahaifinsa ya koyi zayyanar allon sauka, hannunsa kuwa ba ya rawa. Na kira shi na zube masa ragowar tsofaffin littattafaina, na ce ya duba yadda ake yanka shafi da yadda ake nuna gudu da faɗuwa da mamaki. Muka ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda ba ta kowa ba ce, ya zana ta da baƙin alƙalami kawai. Falle huɗu na farar takarda, a buga gaba da baya a ninke biyu, sun ba da shafi goma sha shida. Maganar cikin kewaye muka rubuta da boko, a ƙasan kowane gida kuma muka maimaita ta da ajami, saboda almajirai. Na kai Ringim aka yi mini fotokwafi, na dawo na ɗinke da hannuna.

A wajen sayarwa bai yi kasuwa ba, domin kuɗin fotokwafi ya sa farashinsa ya fi ƙarfin aljihun yaro, sai shugaban makarantar firamare da ya ɗauki 'yan kwafi don aji. A wajen haya da karatun benci kuwa ban taɓa ajiye abin da aka yi wa layi irinsa ba. Yara ba sa ƙirƙirar magana a wannan karon, karantawa suke yi, suna dariya a daidai inda ya kamata, kuma almajiran da a da suke tsayawa daga baya suna leƙe yanzu su ke karanta wa 'yan boko layin ƙasa don a ga ko ya yi daidai da na sama. Ba a jima ba wani ya ɗauki hoton shafukan da waya ya watsa a WhatsApp. Mai zanen ya zo ransa a ɓace ya ce, "Yaya, an sace mana aiki." Na ce ya ɗan dakata. Cikin 'yan kwanaki wani mai shagon littattafai daga Gumel da wani malamin Islamiyya daga Haɗeja suka nemo ni ta lambar da muka rubuta a bango, suna tambayar ko akwai na takarda, domin yaran da suke son bai wa ba su da waya. Ban ce satar ta zama alheri ba, har yanzu ba a biya yaron nan haƙƙin guminsa ba, amma ta nuna mini cewa masu nema suna nan a garuruwan da ƙafata ba ta zuwa.

Lissafin da ya rage na bugu ne. A fotokwafi kuɗin kowane kwafi ba ya sauyawa ko goma ka yi ko ɗari, amma injin maɗaba'a a Kano tsadarsa tana wajen haɗa farantin farko, daga nan duk yadda adadi ya ƙaru sai kuɗin kowane kwafi ya sauko, har ya iso inda yaro zai iya saye da kuɗin kashewarsa. Shago ɗaya a ƙauye ba zai iya shanye bugu irin wannan ba, shaguna goma ko ashirin za su iya. Don haka nake ganin idan irin shagona zai rayu, ba zai rayu yana jiran dillali ya kawo masa kaya daga birni kamar da ba, sai masu shagunan sun haɗa kuɗi tun kafin a buga, kowa ya faɗi adadin da zai ɗauka, a cire wa mai zane da mai labari rabonsu tun daga farko, a kuma saki 'yan shafuka a waya da gangan don talla. Na fara wannan magana da waɗanda muke haɗuwa da su a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Waɗansu sun ce sai sun ga na biyu, waɗansu sun ce in rage shafi, ɗaya kuma ya ce a sa launi a bango ko da zai ƙara kuɗi, kuma ina ganin yana da gaskiya. Mai zanen ya riga ya kai rabin labari na biyu, wanda shi ya ƙago shi da kansa a kan wani yaro makiyayi da ɓarayin shanu, mun kuma tsayar da cewa sai bayan an cire amfanin gona, lokacin da kuɗi ke hannun mutane, za mu tara abin da aka yi alkawari mu shiga Kano mu ji farashin maɗaba'a.